Gina Manhajar Yanar Gizo a Kwamfutar Makaranta: Tambayoyin da Ɗalibai Suka Fi Yi da Amsoshinsu

Na daɗe ina kula da ɗakin kwamfuta, kuma duk zangon da aka fara koyar da gina shafukan yanar gizo, tambayoyin da ake kawo mini ba sa canzawa. Ɗalibi zai zo rai a ɓace, ya ce a laftof ɗin abokinsa komai na tafiya sumul, amma a nan da ya danna sai jajayen rubutu su cika allo. Sau da yawa kod ɗinsa lafiya lau yake. Injin ne ba irin na gida ba.

Mutumin da kake kallo a YouTube shi ne sarkin kwamfutarsa: ya sa abin da ya ga dama, intanet ɗinsa kai tsaye, faifansa nasa. Kai kuwa baƙo ne a nan. Ba kai ne admin ba, intanet ɗinka sai ya bi ta hannun mai gadi kafin ya fita, wurin da kake ajiye fayil wani lokaci ma ba a cikin injin yake ba, kuma kujerar da ka zauna wani ne ya tashi daga kanta ɗazu. Na ɗauka Windows ke kan injinan, don shi aka fi samu a makarantunmu. Saƙonnin matsala kuma na bar su yadda suke fitowa a allo, don ku shaida su in kun haɗu da su.

Malam, na zo girka Node.js, manhajar da ke gudanar da JavaScript a wajen burauza, sai ta nemi kalmar sirrin admin. Ko za a taimaka mini da ita?

Ba za a ba ka ba, kuma ba rowa ba ce. Ranar da ɗalibi ɗaya ya san ta, kafin la'asar duk aji sun sani, kafin mako ya zagayo injinan sun cika da wasanni da bairos.

Yawancin kayan aikinka ma ba sa neman admin. A shafin saukar da Node.js, ban da fayil ɗin `.msi` da kowa ke ɗauka, akwai na `.zip`. Shi za ka sauke, ka warware shi a wata folda, a ce `C:\aiki\node`, ko cikin foldarka in an hana taɓa `C:`. Sai ka buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta `set PATH=C:\aiki\node;%PATH%`, daga nan `node -v` zai amsa maka. Wannan saitin na tagar da ka buɗe ne kawai, kana rufe ta ya tafi, don haka ka zuba layin a wani ɗan fayil mai suna `fara.bat` ka riƙa kiransa duk sa'ad da ka zauna. VS Code na da nau'in User Installer da ke shiga foldar mai amfani, Git, mai adana tarihin sauye-sauyen kod, na da PortableGit, Python ma na shiga don mutum ɗaya in ka cire alamar da ke neman ikon admin a shafin farko na girkawa.

In ka yi duk wannan injin ya ce mai kula da tsari ya toshe manhajar, to an sa doka ce da ke hana duk abin da ba makaranta ta girka ba. Nan babu dabara, sai ka zo mu yi magana.

Na girka, amma yana cewa `'node' is not recognized as an internal or external command`.

Rufe tagar umarnin ka buɗe sabuwa, har da VS Code gaba ɗaya in daga cikinsa kake aiki. Tagar da aka buɗe kafin girkawa tsohon PATH take riƙe da shi, wato jerin foldojin da Windows ke neman manhajoji a ciki. In bai yi ba, rubuta `where node` ka ga ko Windows ya san inda yake. Masu Python kuma, in kun rubuta `python` sai Microsoft Store ya buɗe, ku gwada `py`.

PowerShell na cewa `running scripts is disabled on this system`.

Koma cmd, ko ka rubuta `npm.cmd` maimakon `npm`, wato umarnin da ke sauke wa Node fakej. Shi ke nan. Shawarar `Set-ExecutionPolicy` da za ka gani a intanet ba ta cika yin tasiri a nan ba, don dokar makaranta tana sama da taka.

`npm install` ya tsaya cak yana ta juyi, ƙarshe ya ce `ETIMEDOUT`. Ga shi kuwa Chrome na buɗe shafuka lafiya lau.

Wannan ita ce uwar tambayoyin. Makarantu da yawa ba sa barin injin ya fita intanet kai tsaye. Akwai wata sabar a tsakani, ana ce mata firoksi, komai ta kanta yake bi. Ita ke tace shafuka, ita ke rubuta wa ya je ina. Chrome ya san da zamanta domin yana karanta saitin Windows. npm da Git ba sa leƙa can, sai su nufi ƙofar da aka riga aka toshe su yi ta ƙwanƙwasawa har lokaci ya ƙare.

Nemo adireshinta a saitin Windows, ɓangaren netwok, ƙarƙashin Proxy. Za ka ga lamba irin `10.0.0.5` da wata a gefenta, galibi 8080, ko 3128 in Squid ake amfani da shi. In adireshin wani fayil ne mai ƙarewa da `.pac` ka gani, buɗe shi a burauza ka nemi layin da ke ɗauke da kalmar `PROXY`. Sai ka sanar da kayan aikinka, da lambar makarantarku ba wannan ta misali ba:

`npm config set proxy http://10.0.0.5:8080`
`npm config set https-proxy http://10.0.0.5:8080`
`git config --global http.proxy http://10.0.0.5:8080`

Ka lura layi na biyu ma da `http://` ya fara, ba kuskure na yi ba. Wanda ya fi son sa `HTTP_PROXY` da `HTTPS_PROXY` a cmd, kada ya manta da `NO_PROXY=localhost,127.0.0.1`, in ba haka ba manhajarsa za ta je wajen firoksi tana neman injin da take zaune a kansa.

In lamba 407 ta fito, firoksin na neman suna da kalmar sirri. Ana iya sa su cikin adireshin, kuma in akwai `@` a kalmar sirrin sai a rubuta `%40` a madadinsa. Sai dai npm zai ajiye ta a fili cikin `.npmrc`, duk wanda ya buɗe ya karanta. A injin da mutum goma ke zama a rana, ni ban ba ka wannan shawarar ba.

Mai laftof da ya yi wannan saitin don netwok ɗin makaranta, in ya koma gida ya ga npm ya ƙi, ya tuna da `npm config delete proxy` da `npm config delete https-proxy`.

Na saita firoksi, yanzu kuma `SELF_SIGNED_CERT_IN_CHAIN` yake cewa.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wasu makarantun na buɗe har saƙon HTTPS su duba, sannan su sake rufe shi da nasu satifiket. An riga an gabatar wa Windows wannan satifiket ɗin, shi ya sa burauza ba ta ƙorafi. Node kuwa da nasa jerin amintattu yake yawo, kuma makarantarku ba ta ciki.

Amsar farko da za ka tarar a intanet ita ce `strict-ssl false`. Tana aiki, kamar yadda cire ƙyauren ɗaki ke magance ɓatan makulli. Abin da ya dace shi ne ka karɓi fayil ɗin satifiket daga wajenmu, ka nuna wa Node shi: `set NODE_EXTRA_CA_CERTS=C:\aiki\makaranta.pem`. Git kuma ka ce masa ya yarda da abin da Windows ya yarda da shi: `git config --global http.sslBackend schannel`.

Amma kafin duk wannan, dubi agogon da ke ƙasan allo. Wata Litinin bayan dogon hutu, jeri guda na injinanmu ya ƙi buɗe ko da Google, kowanne na cewa `NET::ERR_CERT_DATE_INVALID`. Na kusa cinye awa guda ina zargin firoksi, ina cire kebul ina mayarwa, sai wata ɗaliba daga baya ta ce, "Malam, shekarar da wannan ke nunawa fa ko firamare ban shiga ba." Injinan na gwanjo ne, ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allon ciki, CR2032, ya mutu, kuma sun yi makonni babu wuta. Kowane satifiket na da ranar farawa da ta ƙarewa, injin da ke zaune a shekarun baya kuwa gani yake duk na duniya ba su fara aiki ba. Gyaran agogo na neman admin, sai ka kira mu. A injinan da ke haɗe da sabar makaranta ma, saɓanin da ya wuce minti biyar kan iya hana mutum shiga da sunansa.

Malami ya ce kowa ya yi `npm install`, aka ƙare darasi ba wanda ya gama.

Wannan amsar ta malamai ce. Mutum arba'in na jan abu iri ɗaya ta waya ɗaya, dole a yi cunkoso. A sa Verdaccio a injin malami, shi wata ƙaramar ma'ajiyar npm ce da ke sauraro a 4873. A saita shi ya karɓi baƙi daga netwok ɗin aji, ɗalibai su juya gare shi da `npm config set registry`. Mutum na farko ne kaɗai zai jawo fakej daga intanet, sauran daga cikin ɗaki za su ɗiba. Na Python ya fi sauƙi: `pip download -r requirements.txt -d kaya` tun daren jiya, a raba foldar, kowa ya yi `pip install --no-index --find-links kaya -r requirements.txt`. Ko an yanke intanet darasi ba zai tsaya ba.

Na danna Start a XAMPP, kunshin nan mai sabar Apache da rumbun bayanai na MySQL, Apache ya yi kore na ɗan lokaci ya mutu.

Kusan kullum rigimar ƙofa ce, abin da ake kira fot. Kowace sabar na zama a wata lamba, kuma biyu ba sa zama a ɗaya. Apache na son 80 da 443, MySQL na son 3306. Rubuta `netstat -ano | findstr :80` ka dubi lambar da ke ƙarshen layin da ke cewa `LISTENING`. In 4 ce, Windows da kansa ne ya riƙe ƙofar, galibi saboda IIS, sabar yanar gizo ta Microsoft, da aka girka don wani kwas daban. Kada ka ja da shi. Buɗe `httpd.conf`, mai da `Listen 80` ya koma `Listen 8080`, ka shiga ta `localhost:8080`.

A Node sunan wannan matsalar `EADDRINUSE`. Ko dai ka bar wata taga a buɗe tana gudanar da sabar, ko kuma ba kai ba ne. Wata ɗaliba ta taɓa kirana hankali a tashe, wai an yi mata kutse: ta buɗe `localhost:3000` don ganin shafinta na rajistar ɗalibai, sai ga shafin kantin magani da farashin farasitamol. Wanda ya zauna kafin ita bai fita ba, kulle allo kawai ya yi, ita kuma ta shiga da sunanta. Sabar ɗinsa na nan tana aiki a ɓoye, ƙofofin kuwa na injin ne gaba ɗaya, ba a raba wa kowa nasa. Ta koma 3001 aka wuce wurin.

Me ya sa aiki a faifan `H:` ke tafiyar hawainiya, kuma in na gyara fayil shafin ba ya sabunta kansa?

Faifan da ake ba kowane ɗalibi, ko `H:` ne ko `Z:`, ba ya cikin injin da ke gabanka. Yana kan sabar makaranta, ta waya kake isa gare shi. Ajiye takardar Word a can ba komai. Amma `node_modules`, foldar da npm ke zuba fakej a ciki, ta ƙaramin furojet ma kan ƙunshi dubban ƙananan fayiloli, kuma kowanne sai ya yi tafiya ya dawo. Ga shi yana cinye ɗan wurin da aka ware maka, har wata rana ka kasa ajiye komai.

Rashin sabuntawar ma daga nan ne. Vite da nodemon, kayan da ke sabunta shafi in ka gyara kod, na jiran Windows ya gaya musu an taɓa fayil, faifan netwok kuwa ba kullum yake kawo wannan labarin ba. Za ka iya sa su riƙa leƙawa da kansu, da `nodemon -L` ko `usePolling: true` a ƙarƙashin `server.watch` na Vite, amma injin zai ƙara nauyi. In cmd ya ce ba ya karɓar `UNC paths`, adireshin foldar ne ya fara da `\\`. Yi amfani da `pushd` maimakon `cd`.

Ni abin da nake gaya wa kowa: a yi aiki a faifan injin, a gajeren adireshi kamar `C:\aiki\shago`, babu tazara, babu baƙi mai ƙugiya a sunan folda. Tsofaffin manhajojin Windows da yawa na shaƙewa in adireshin fayil ya wuce baƙi 260. In an tashi sai a kwashe kod ɗin zuwa `H:`, a bar `node_modules` a baya.

Innalillahi, Malam, jiya na bar furojet ɗina a Desktop, yau babu shi ko sama ko ƙasa.

Ba wanda ya goge maka. Ɗakunan kwamfuta da yawa na amfani da Deep Freeze ko makamancinsa, wanda ke mai da faifai yadda aka saita shi duk lokacin da aka kashe injin aka kunna. Shi ke sa bairos ba ya kwana, shi ne kuma ya tafi da aikinka. Ba ni da hanyar dawo da shi, kuma na sha faɗin wannan ga mutanen da idonsu ya cika da hawaye. Ranar farko da ka shiga sabon ɗaki, ajiye fayil ɗin banza a Desktop, kashe injin ka kunna, ka ga ko yana nan. Ka kuma tambaya ko akwai faifan da aka bari ba a daskare ba, sau da yawa `D:` ne.

Filas na taimakawa, amma shi ma da nasa. In ka soka shi ka ga foldojinka sun koma gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya, bairos ne ya ɓoye su, bai cinye ba. Kada ka danna ko ɗaya. Shiga filas ɗin ta cmd ka rubuta `attrib -h -r -s /s /d *.*`, za su fito. Kada ka kwafi foldar `venv` ta Python, wadda ke riƙe da fakej ɗin furojet, daga wani injin zuwa wani, tana riƙe da adireshin inda aka haife ta, `requirements.txt` za ka ɗauka ka sake ginawa. In kuma Git ya ce `detected dubious ownership` a kan filas ko faifan netwok, wani matakin tsaro ne da aka ƙara a 2022, kuma saƙon da kansa na ba ka layin `safe.directory` da za ka kwafa.

`git push` ya ƙi. Na tabbata kalmar sirrina daidai take.

GitHub ya daina karɓar kalmar sirri wajen tura kod tun watan Agusta na 2021. Ko dai ka shiga ta tagar burauza da Git zai buɗe maka, ko ka ƙirƙiri token, wata doguwar shaida da ke zama a madadin kalmar sirri, a saitin asusunka. In adireshin ma'ajiyarka da `git@github.com` ya fara kuma yana tsayawa shiru, ƙofa ta 22 ce aka toshe; koma adireshin `https://`.

Akwai kuma wanda zai ga 403 tare da sunan wani da bai sani ba. Na gabanka ne ya bar shaidarsa a Credential Manager na Windows, a injinan da kowa ke shiga da suna ɗaya. Goge tasa ka sa taka, in za ka tashi kuma ka goge taka, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

An ɗauke wuta ina tsakiyar aiki. Da aka tayar da janareta sai `MySQL shutdown unexpectedly`.

Dakata, kada ka goge komai tukuna. Wutar ta yanke ne rumbun bayanai na tsakiyar rubutu, wasu fayiloli suka tsaya rabi. Abu na farko, kwafi foldar `xampp\mysql\data` ɗungurungum ka ajiye a gefe. Sannan karanta layukan ƙarshe na `mysql_error.log` da ke cikinta, don wani lokacin ba lalacewa ba ce, wani MySQL ɗin ne daban ya riga ka zama a 3306.

In lalacewar ce, hanyar da ta fi yi mana aiki ita ce: sauya wa `data` suna zuwa `data_tsoho`, kwafi foldar `backup` da ke kusa da ita ka sa mata suna `data`, sai ka ɗauko foldojin rumbunanka kaɗai daga tsohuwar, ban da `mysql` da `performance_schema` da `phpmyadmin`, ka haɗa da fayil ɗin `ibdata1`. Za ka ga masu cewa a goge `ibdata1`. MySQL zai iya tashi kam, amma teburanka za su koma suna ba jiki.

Ba kullum ake dacewa ba. Shi ya sa kafin ka tashi kowace rana ka yi `mysqldump -u root shago > shago.sql`, a cmd, domin tsohon PowerShell na sauya tsarin rubutun fayil ɗin har ya ƙi shiga daga baya. In furojet ɗin bai wajabta MySQL ba, SQLite ya fi dacewa da ɗakin da babu UPS: fayil ɗaya ne, ka jefa a filas ka tafi.

MySQL na aiki, phpMyAdmin na buɗewa, amma Node na cewa `ECONNREFUSED ::1:3306`.

Sauya `localhost` da `127.0.0.1` a saitin haɗin. Daga Node 17 aka canza yadda ake jera adireshin `localhost`, sai ya iya fara gwada `::1` na IPv6 alhali rumbun a IPv4 yake sauraro.

Ina so abokina ya buɗe shafina daga injinsa, ko in gwada a waya. Ya rubuta `localhost` bai ga komai ba.

`localhost` na nufin "ni kaina", don haka injinsa ya tambayi kansa ne. Rubuta `ipconfig` ka ba shi adireshinka na IPv4 tare da lambar ƙofa. In adireshin ya fara da 169.254, injinka bai samu adireshi daga netwok ba ke nan, duba kebul.

Sannan sabar gwaji ba ta kula baƙi sai an ce mata. A Vite, `npm run dev -- --host`. A Flask, `flask run --host=0.0.0.0`. A Django, `python manage.py runserver 0.0.0.0:8000`, ka kuma ƙara adireshin a `ALLOWED_HOSTS`. In har yanzu shiru, ko katangar tsaron Windows ce, wadda buɗe ta ke neman admin, ko kuma waya na kan Wi-Fi ɗin da aka raba da netwok ɗin ɗakin. Ka sani duk wanda ke netwok ɗin zai iya shigowa muddin ka buɗe, har ya ga shafin kurakuranka da abin da ke cikinsa. Ana gama gwajin ka rufe.

Na rubuta "ƙasa" a fom, ya fito `Æ™asa`. Wani wurin kuma `?asa`.

Wannan tamu ce, masu darussan waje ba sa cin karo da ita. Baƙaƙenmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da aka fi rubutawa a Nijar, babu su a tsohon tsarin rubutun Turawan Yamma da Windows ke komawa gare shi in ba a ce masa komai ba. A UTF-8 kowannensu bayit biyu ne. In aka karanta biyun nan da tsohon tsari sai ƙ ta zama `Æ™`, ɗ ta zama `É—`. Wannan da sauƙi, bayanin na nan, karatun ne ya karkace. Alamar tambaya ita ce mugun labari: teburin `latin1` ne, ya karɓi baƙin da bai sani ba ya jefar, kuma abin da aka riga aka ajiye haka ba ya dawowa.

Sarƙa ce, kowane gaɓa sai ya zama UTF-8: `<meta charset="utf-8">` a kan shafi, rumbu da tebura a `utf8mb4`, sannan haɗin kansa, wanda shi aka fi mantawa, da `mysqli_set_charset($conn, "utf8mb4")`. A Python in ka ga `'charmap' codec can't encode character`, ƙara `encoding="utf-8"` a `open()`. In kuwa ɗan akwati ne ke fitowa a gurbin baƙin, salon rubutun da ka zaɓa ne ba shi da shi. Noto Sans na da su duka.

Tunda muna nan: gwada rubuta Jama'are ko sana'a a fom ɗinka. In shafin ya fashe da kuskuren SQL, kana liƙa abin da mutum ya rubuta kai tsaye cikin tambayar rumbu ne. Ramin da wannan ɗan waƙafin sama ya faɗa, ta nan ɓarawo zai shigo. Koyi `prepare`, wanda ke raba abin da mutum ya rubuta da umarnin SQL, tun kafin ranar kare furojet.

A gida shafin na da kyau, a nan ya fito tsirara, ba launi ba tsari.

Danna F12 ka duba jajayen layuka. Galibi Bootstrap ko salon rubutu kake jawowa daga wani adireshin waje da matatar makaranta ta toshe. Sauke su ka sa cikin furojet. Ranar da za ka tsaya gaban malamai ma ba ka da tabbacin intanet.

In kod ɗin PHP ne ke fitowa a rubuce, dubi adireshin: in da `file:///` ya fara, danna fayil ɗin ka yi sau biyu, bai bi ta sabar ba. Ka kuma sa Windows ya nuna ƙarshen sunayen fayiloli, don na ga `index.php.txt` ba sau ɗaya ba.

Injinan ɗakinmu Windows 7 ne. Akwai abin da za a iya?

Akwai, amma da iyaka. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, sauran ma suka bi. Python ya tsaya a 3.8, VS Code a 1.70, Chrome a 109, Node kuma daga 14 ya daina karɓarsa. Kayan zamani irin su Vite ba za su tashi a kan tsohon Node ba. HTML da CSS da JavaScript zalla, da PHP, za su koyu sarai, kuma ba ƙaramin ilimi ba ne.

Akasin haka ma na faruwa: sabon Node da tsohon furojet da aka gada daga 'yan ajin gaba, sai `ERR_OSSL_EVP_UNSUPPORTED`. Tsohon webpack ne, mai haɗa fayilolin furojet, bai jitu da OpenSSL 3 da ke cikin sabon Node ba. `set NODE_OPTIONS=--openssl-legacy-provider` zai fitar da kai na yau. In kuna aikin rukuni, ku daidaita lambar Node ɗinku, ku ajiye `package-lock.json` a Git, ku riƙa amfani da `npm ci`.

To in sa VPN mana, ko in haɗa da hotsifot ɗin wayata?

A laftof ɗinka, da datarka, ba ruwan kowa. A injin makaranta kuwa, tsallake matata laifi ne a yawancin dokokin ɗakin kwamfuta, kuma da sunanka aka shiga. Cire kebul ɗin netwok ma na raba ka da faifan `H:`. In `registry.npmjs.org` ko `pypi.org` ko `github.com` ne aka toshe, malamin kwas ya rubuto a buɗe su. Ba a cika ƙi ba, sau da yawa ba wanda ya taɓa nema ne.

Na gwada duk wannan bai yi ba. Me zan zo da shi?

"Malam, ta ƙi" ba ta isa in san inda zan fara ba. Zo da lambar da ke liƙe a jikin injin, da umarnin da ka rubuta daidai yadda ka rubuta shi, da abin da `node -v` ko `py --version` ya nuna. Gwada a injin da ke kusa da kai tukuna: in can ya yi, matsalar ta injin ɗaya ce, in duk jerin ya ƙi, tamu ce. Saƙon matsalar kuma daga samansa nake so, don a Node ainihin dalilin yawanci na layukan farko, a Python kuwa yana layin ƙarshe. Hoton allo da waya ma ya wadatar, in dai an goge kyamarar kuma ba fuskarka ce ta fi fitowa a gilashin ba.